Kwaɓin Ƙasa a Bakin Lungu

"Kai ne, Bahago! Kai ka toshe mana hanya, kuma da saninka ka yi!"

Muryar Inna Haoua ce ta tsaga lungun tun rana ba ta gama hawa katanga ba. Tana tsaye a ƙofar gidan maƙwabcinta Alhaji Bahago, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan yana dukan ƙyaure. Yau ko Alhajin ma ba ta saka masa ba. A bayanta ƙasar yaɓe ce kwaɓaɓɓiya, an zube ta daga wannan katanga har waccan, ta cike bakin lungu, tana tashin warin kashin jaki da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Can ƙetaren ƙasar, a bakin babbar hanya, Idi ya tsaida dogon baronsa, babur ɗin nan mai ƙafa uku da ake lodin kaya a bayansa, yana kallo.

Lungun nasu na tsohon garin Agadas ne, baki biyu gare shi. Na gabas matsattse ne, jaki da mangala ma sai ya goge katanga. Na yamma kaɗai ne keken guragu na Malam Ilyas yake iya bi, kuma nan gidan Bahago yake.

Malam Ilyas shi ne mijin Haoua, baduku ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗinka takalma. Ciwon sukari ya riga ya ci masa ƙafar dama. Yanzu kuma gyambo ya kama tafin ta hagu, ya ƙi rufewa. Majo, ma'aikacin jinyar da yake yi masa fansuma a asibiti, wato wanki da ɗaurin ciwo, ya ce akwai wani lokotoro da ya zo daga Yamai, likita gwanin irin wannan gyambo, ya sama musu randebu, lokacin ganinsa, safiyar Alhamis. Da azahar mutumin zai koma. Majo bai ɓoye mata ba: ƙafar nan tana bakin gaɓa, a kiyaye ta daga ƙazanta kamar yadda ake kiyaye ido.

Abin da za a kai shi a ciki shi ya hana ta barci. Keken ba ya naɗewa, tun da ya karye maƙeri ya liƙe masa ƙarfe. Masu adaidaita sun ce ba zai shiga ba. Mai taksi ya ce a bar keken a gida, ta ce in sun je asibitin a bayanta za ta goya shi? Motar asibiti kuwa an ce ta masu haihuwa ce da waɗanda rai ya kai wa wuya. Sai da ta bi kasuwa rumfa-rumfa kafin ta samu Idi a wajen masu albasa. Yana da katako biyu da yake jinginawa a bayan baron, da igiyoyin ɗaure buhu. Ta sa shi ya rantse zai wanke bayan da sabulu, ya kuma zo da wuri. Ya wanke, ya zo. Ga shi can, ga ƙasa a tsakani.

Bahago ya buɗe ƙyaure cikin farar shadda, yana gyara hula.

"Inna, lafiya? Ai ko sallama a yi."

"Sallamar tana asibiti, in na dawo na kawo maka. Mi na ce maka ranar Lahadi?"

"Kin ce Malam zai fita Alhamis."

"Kai kuma ka ce mi?"

"Na ce za a kwashe. To magina ne suka ce ba ta ruɓa ba. Kin san aikin nan, Inna. Ƙasar yaɓe in ba ta kwana ta ruɓa ba, ruwan farko zai wanke ta. Damina ga ta a ƙofa. Jiya ma sai da suka ƙara mata ruwa."

"Suka ƙara mata ruwa! Ni za ka koya wa yaɓe? Na ga ana kwaɓa ƙasa a lungun nan tun uwarka tana ɗaure maka bante. Ubanka, Allah ya jiƙan sa, yana kwaɓawa, amma yana barin hanyar da gawa za ta fita. Kai ko ta mai rai ba ka bari ba."

Bahago ya yi ƴar dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya leƙa ya hango Malam Ilyas a ƙofar gidansu, zaune a keke, sabuwar riga a jikinsa, ƙafar naɗe da farin ƙyallen fansuma, ya ɗora ta bisa matakin keken. Tsohon carbi kawai yake ja.

Idi ya ɗaga murya daga can. "Inna, rana tana yi fa. In an cika layi a asibitin nan, ko ɗan sarki ne sai ya jira."

Haoua ta dubi ƙasar. Samanta busasshe ne, fari-fari, don magina sun barbaɗa mata busasshiyar ƙasa yadda suka saba, kada rana ta tsotse ruwan. Wanda bai sani ba sai ya ce daɓe ne. Ita ta sani. Ta ɗauki kara ta caka, ya nutse ya fi rabi.

"A ɗauke shi da hannu," in ji ta. "Ka kira maginan naka, su ƙetare da shi, su dawo su ɗauki keken."

"Ba su iso ba tukuna. Kuma ba sai an kai ga haka ba." Ya shiga gida ya jawo wani tsohon tol, irin na rufin ɗaki, yana ƙara a ƙasa. Ya shimfiɗa shi bisa kwaɓin, ya taka gefensa da takalmi. "Kin gani? A kan wannan suke tura baro cike da bulo. Malam ya fi bulo nauyi ne?"

Idi ya tattare wando ya lallaɓo ta jikin katanga, ƙafarsa tana nutsewa har idon sawu. Ya duba tol ɗin ya girgiza kai. "Alhaji, anya? Keken nan ƙafa huɗu gare shi, ba ɗaya ba."

"Kai tura kawai, ni zan riƙe gefe."

Haoua ta ɗaga kai ta ga inda rana ta kai. Mazan lungun duk sun tafi kasuwa, sai mata da ke leƙe ta ƙyaure. Ta tuna azahar, ta tuna majo. Zuciyarta ba ta kwanta ba, amma ba ta ga wata ƙofa ba.

"Malam, ka ji abin da suka ce."

"Haoua, mu tafi," in ji tsohon a hankali. "Bismillah."

Idi ya kama bayan keken, Bahago ya riƙe hannun dama, ita ta riƙe na hagu tana tafiya cikin lakar da silifa ɗaya, ɗayan tuni ƙasa ta haɗiye shi. Ƙananan ƙafafun gaba suka hau tol. Ya yi ƙara. Suka matsa. Manyan ƙafafun suka hau. Da suka kai tsakiya tol ɗin ya lotsa, baƙin ruwa ya yi tsartuwa ta gefensa ya fallatsa wa Bahago a gaban riga.

"Subhanallahi, shaddata!"

Ya saki keken ya ja da baya.

Ɗan sakin nan shi ne duka. Keken ya karkata dama, ƙafarsa ta zame daga tol ta nutse. Malam Ilyas ya tafi zai kife, kuma kamar kowane ɗan Adam da zai faɗi, ya miƙa ƙafar da ta rage masa don ya tokare. Ta shige kwaɓin har ƙwauri.

Bai yi ihu ba. Wani nishi ya yi wanda Haoua ba ta ji irinsa ba ko ranar da aka yanke ta daman.

Ba ta san lokacin da ta durƙusa cikin lakar ba. Ta cusa hannu biyu ta zaro ƙafar. Ƙyallen fansuma ya kwance ya tsaya a ciki, gyambon ya fito tsirara, cike da baƙar ƙasa da ɗanyen kashin jaki, jini yana ratsowa ta tsakiya. Wata maƙwabciya ta rugo da buta. Suka zuba, suka zuba, ruwan yana gangarowa baƙi. Haoua ta cire kallabinta ta naɗe ƙafar, kanta a buɗe a gaban maza, ba ta ko kula ba.

"Inna, ƙaddara ce," in ji Bahago. "Wallahi ban..."

"Kama keken, ko in kama wuyanka!"

A karo na biyu bai saki ba. Shi da Idi suka ciccibi keken da mai shi, laka har gwiwa, suka fito da shi bakin hanya. Idi ya jingina katakonsa, suka tura keken sama, ya ɗaure ƙafafun da igiyar albasa. Haoua ta hau ta zauna a ƙasan baron ta rungume ƙafar a cinyarta. Duk ramin da suka faɗa sai ta ji jikin Malam ya ƙanƙame.

"Idi, a hankali!"

"Inna, in na yi a hankali ba mu same shi ba."

"To yi sauri!"

Sun same shi. Layi ya cika, amma da majo ya ga kallabin da abin da yake ɗiga daga gare shi, bai tambayi kowa ba, ya tura keken ciki. Lokotoron ya kwance ƙullin, ya duba, ya yi magana da majo da Faransanci, gajeriya, fuskarsa a ɗaure. Haoua ba ta jin Faransanci, amma tana jin fuska.

"Ku gaya mini da Hausa. Mijina ne."

Majo ya ce gyambon da ma ya yi zurfi har kusa da ƙashi, yanzu ƙazanta ta bi ramin ta shige inda ruwa ba ya kai wa. Da ya zo da tsabtarsa, da kankarewa kawai za a yi a sa magani. Yanzu dole a buɗe tafin a yanke abin da ya ɓaci, yatsu biyu ba za su tsira ba. Sauran ƙafar kuma sai abin da kwanakin nan suka nuna. In zazzaɓi ya tashi, in baƙi ya hau sama, to sai dai haƙuri. Lokotoro zai yi aikin kafin ya tafi, amma ba zai tsaya ganin ƙarshensa ba.

Malam Ilyas ya dube ta, ya ce, "Ni da na yi wa rabin garin nan takalma."

Ta kau da kai, don ba ta yi niyyar kuka yau ba.

Bayan la'asar, da ƴarsu Souwaiba ta zo ta karɓe ta jinya, Haoua ta koma gida ɗauko tabarma da bargo. Tana isa bakin lungu ta tsaya cak. Hanya fes. An kwashe kwaɓin kaf, har an share. Katangar Bahago ta sha sabon yaɓe daga sama har ƙasa, sumul, da sawun yatsun magina a jiki. Ƙasar da aka ce ba ta taɓuwa, ashe aikin wuni ɗaya ce bai cika ba. A tsakiyar katangar, daidai tsayin ƙirjinta, wani ɗan farin abu ya leƙo daga cikin yaɓen. Ta kama ta ja. Ƙyallen fansuman Malam ne, ya biyo hannunta da tsawonsa, yana ɓarke yaɓen.

Ba ta shiga gida ba. Da ƙyallen a hannu, zani duk busasshiyar laka, ƙafa ɗaya ba takalmi, ta wuce zauren mai unguwa. Dattawa suna zaune, sun riga sun ji labari. Ta yi sallama a tsaye, ta ajiye ƙyallen a kan tabarma gaban mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ga abin da na ciro daga katangar Bahago."

Mai unguwa ya kau da kai. "Haoua, mun ji, Allah ya ba Malam lafiya. Alhaji ya zo nan ɗazu, hankalinsa a tashe. Ya ce tsautsayi ne. Kwaɓa ƙasa a lungu kuwa kin sani, tun kakanni haka ake yi. Maƙwabci ɗan'uwa ne. A yi haƙuri, a bar wa Allah."

"Allah ba shi ya zuba ƙasar ba. Ba shi ya ce mini za a kwashe kafin Alhamis ba, ba shi ya saki keke don riga ba. Haƙuri kuwa na yi shi ranar da aka yanke ta dama, don wannan ciwo ne ya ci. Wannan mutum ne ya ci. Ya zo nan ɗazu da ba ni nan? To ya dawo yanzu ina nan." Ta zauna daɓas a bakin zauren, ta toshe ƙofar da jikinta. "Ni ma na kwaɓa tawa ƙasar, ba mai fita. Ka aika a kira shi, ranka ya daɗe, ko gobe in kai ƙyallen nan komisariya, gun ƴan sanda, in ce kai ka hana. Ya zo ya tsaya gaban dattawan nan, ya dubi idona, ya faɗa da bakinsa wace ce ta fi, katangarsa ko ƙafar mijina. A kira mini Bahago ya amsa!"