Hedifon Mai Raga

Tun ranar da Neville ya faɗi a banɗaki, Raelene ba ta ƙara sa waƙa a kunnenta ba. A ranar tana can waje a bayan gidan tana shanya, kunnuwanta a toshe da hedifon ɗin da 'yarsu Tegan ta saya mata, mai kashe duk wani motsi na waje. Mijinta, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar tun bara, yana kwance a kan tayil mai sanyi yana kiranta har muryarsa ta dishe. Da ta shigo ta gan shi, sai da ta ɗaga shi ta kai shi gado, sannan ta fita ta maka hedifon ɗin da bango.

Daga nan gidan ya yi tsit. Ba rediyo, ba komai, sai kasa kunne. Ta rame, ta zama mai saurin faɗa, har Neville ya gaji. Ya ce da ita cikin maganarsa mai nauyi, "Rae, je ki sayo wani. Shirunki ya fi ciwon nan damuna."

Ran Asabar maƙwabciyarsu ta zauna da shi, Tegan ta ɗauki uwar a mota zuwa wani kantin kayan sauti a tsakiyar garin Ballarat. Ana yayyafi, sanyi na ratsa riga. Tun a hanya Tegan ta fara.

"Mama, na je na duba gidan kula da tsofaffin nan. Tsaf yake, har da lambu."

"Ki shiga ki zauna mana, tunda ya burge ki."

Mai kantin, wani dogo mai gemu da ake kira Lachlan, ya tare su da fara'a. Raelene ta ce tana son hedifon mai buɗaɗɗen baya, wanda za ta haɗa da wayarta ta riƙa yawo da shi, kuma ba mai tsada ba.

Lachlan ya yi murmushi. "Madam, ai wannan na zaman ɗaki ne. Sauti na fita, hayaniya na shiga. Ga wani nan, kina sa shi duniya ta ɗauke. Ko gini ake rushewa kusa da ke ba za ki ji ba."

Ran Raelene ya ɓaci nan take.

"Na ce maka ina son duniya ta ɗauke ne? Kai ma abin ka sa a kunne da nake magana?"

"Mama, don Allah," in ji Tegan.

"Rufe mini baki. Ke kika kawo mini na farko."

Fuskar Tegan ta yi ja, ta juya tana kallon akwatunan rediyo. Lachlan ya daina murmushi, ya ɗauko guda uku ya jera. Na farko ya fi ƙarfin wayar, sautin ya fito siriri, sai an haɗa shi da wata na'ura. Raelene ta ce ba za ta riƙa yawo da akwati a aljihu tana wanke bayan gida ba. Na biyu ta juya takardar kuɗinsa, ta ajiye shi da tsaki. Na uku mara nauyi ne, roba da soso, da raga a bayan kowane kunne, wayarsa doguwa. Shi ne mafi arha.

Ta sa, ta kunna. Kiɗan jita ya taso a sarari, kamar mai kaɗawar yana tsaye a tsakar kantin. A lokaci guda tana jin ruwa na sauka a rumfar ƙofa.

"Ke, je ki can ƙarshen kantin, bayan wancan labulen," ta ce da Tegan. "Ki kira ni. Ba da ƙarfi ba. Yadda ubanki yake yi."

"Mama, mutane na kallo."

"Su kalla. Ranar da yake kwance a ƙasa wa ya kalle shi?"

Tegan ta tafi tana jan ƙafa. Can sai ga murya ƙasa-ƙasa, a karye: "Rae... Rae."

Ta kwaikwaye shi sosai, har ya yi yawa. Raelene ta ji ta sarai duk da kiɗan. Ta cire hedifon ɗin ta miƙa wa Lachlan.

"Shi nake so. Ba sai ka sa a kwali ba."

"In kika shiga bas da shi, na kusa da ke zai ji waƙarki," ya ce a hankali.

"Rabona da bas tun bara. Ba ni."

A mota ta maƙala shi ta kunna, ta juya fuskarta wajen taga. Tegan ta tuƙa har suka wuce tafki. Da suka tsaya a danja, sai ta fara magana a hankali, tana kallon gaba, irin ta wanda ya ɗauka ba a jinsa.

"Ni ma fa ubana ne. Don ki huta na saya miki. Kina tsammanin ina iya barci tun ranar?"

Raelene ba ta juyo ba. Haushin bai tafi ba, har yanzu yana nan a ƙirjinta, na gidan tsofaffin, da na dogon mai gemu, da na shekarar nan duka.

"Ina jinki sarai," ta ce.

Tegan ta zabura, ta share ido da bayan hannu.

"In da gaske kike, ki bar yawon duba gidaje. Ki zo ran Laraba ki yi masa wanka, bayana ya gaji."

"Zan zo."

"Za mu gani. Ki tsaya a wajen mai suya, ubanki ya ce kifi da dankali yake so. Kuma kada ki bari su cika masa gishiri."