Kitson Asabar

Abigel mai kitso ce a Bukuru, kuma duk layinsu an shaide ta da sanyin hali. Ko tsawa ba a taɓa jin ta daka wa 'yarta Yael ba. Tana ji da wannan shaida ƙwarai, don ta tashi a hannun uwa mai zafin zuciya. Tsohuwar ba ta duka. Idan ranta ya ɓaci, sai ta zaunar da Abigel ta yi mata kitso mai tsauri har fatar kai ta tsage. Ranar da aka binne ta, Abigel ta yi alkawari Yael ba za ta taɓa sanin wannan azaba ba. To, an dai ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Wata Asabar da la'asar ana yayyafi, Yael na zaune tsakanin ƙafafun Abigel a shagonta ana yi mata kitson zuwa coci, sai Dung, mijin Abigel, ya bugo waya daga Abuja. Wannan makon ma ba zai zo ba.

"Ba komai, Baban Yael," in ji ta, har da 'yar dariya.

Ta koma kan kitso. Can sai ta ji yatsunta sun yi sanyi kamar ta tsoma su a randa. Sai warin garin taba ya cika shagon, warin da rabonta da shi tun tsohuwar na da rai. Ba kowa a ciki sai su biyu.

Ta dubi hannuwanta. Gudu suke yi ba da izininta ba, suna ɗebo gashi tun daga tushe, layi siriri-siriri, irin kitson uwarta sak. Goshin Yael ya ɗame har girarta ta ɗaga.

Ashe fushi take yi! Tsoro ya kama ta. Ta fizge hannuwan, ta danne su ƙarƙashin cinyoyinta, ta yi ta jan numfashi har warin ya gushe.

"Yael, yi haƙuri, 'yata. Da zafi, ko? Me ya hana ki magana?"

Yarinyar ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Ki gama kawai, Mama. Duk ranar da Baba ya kira, haka kike yi. Na saba."