Nauyin Kujerar Baya

Ƙafafun Tagwai kaɗai ake gani a ƙarƙashin tsohuwar Fijo. Sauran jikinsa yana can yana kokawa da bushin ɗin baya, robar nan da ke hana ƙarfe bugun ƙarfe. Ta cinye ƙurmus. Ko ɗan rami motar ta faɗa sai ka ji gwaram, kamar an yar da tukunya.

Da don kansa ne, da ya ci gaba da haƙuri, yadda rabin mutanen unguwarsu ta Kakuri ke yi tun da masaƙa ta sallame su. Amma asibiti sun ce a mai da matarsa Rhoda gida, ita kuwa ta ce gida ba ɗakin haya ba ne, Zonkwa ne, wajen uwarta. Ciwon da take fama da shi ya shiga ƙashin bayanta. Tagwai ya ci alwashin hanya ba za ta sa ta kuka ba.

Injin matsawa babu. Ya samo dogon bolti da guntun fayif da washa biyu masu kauri, ya shafa wa sabuwar robar sabulu, yana murɗa noti tana shigewa a hankali. Rediyon maƙwabta sai murna yake sojoji sun koma bariki. Shi ko a jikinsa.

Obinna, bakaniken layinsu, ya tsuguna ya leƙa.

"Oga Tagwai, abeg kar ka ɗaure yanzu. Sauke jak tukuna, mai zama a baya ya shiga. In ka ɗaure ba nauyi, robar nan ba za ta kai ko Kachia ba, balle Zonkwa."

Suka sauke motar. Tagwai ya koma ƙarƙashi, ya dafa ƙarfen da tafin hannu don ya ji saukowarsa. Obinna da Debby, babbar 'yar Tagwai, suka shiga ɗaki ɗauko Rhoda. Ya ji takunsu, ya ji motsin ƙofa.

Ya jira. Rhoda fa mace ce da in ta shiga mota sai mota ta san an shiga. Ya sha tsokanarta da haka a hanyar coci. Ƙarfen bai motsa ba.

"Ku sa ta mana," ya ce. "Rana tana yi."

Can sai wata siririyar murya daga samansa.

"Baban Debby, ai ina ciki tun ɗazu."

Duk abin da likita ya faɗa bai tsorata shi haka ba. Ya daɗe kwance, hannunsa a kan ƙarfen.

"Na sani," ya ce. "Na ji motar ta sauko."

Ya lalubo sifana ya fara ɗaurewa.