Layin Tashar Mota

Malamar nazarin zamantakewa ta tura sababbin ɗalibanta tashar mota, su lura da yadda mutane ke bin layi. Ta faɗa ta nanata: “Ku zuba ido kawai, kada ku sa baki.”

Washegari shugaban aji ya miƙe yana washe haƙora.

“Malama, mutanen nan akwai tsari. Tsofaffi a gaba, ba mai ture wani.”

Malama ta zare tabarau. Kullum a tashar nan take shan matsi kafin ta samu kujera.

“Haka kuka same su?”

“Ina fa, turereniya muka tarar, ba kyan gani. Mu muka jera su.”

Ta dafe goshi.

“Sannunku da aiki. Na aike ku kallon jama'a, kun dawo min da labarin kanku.”