Direbobi Biyu a Layin Bakin Teku

Malam Joda ya yi shekara ashirin da bakwai yana tuƙa jirgin ƙasa kafin ya yi ritaya. Yawanci jirgin kaya ne, auduga da gyaɗa da shanu, a taso daga Maiduguri a biyo ta Buni da Bajoga, a huta a Gombe, a miƙa Bauchi har Kafanchan. A unguwar Shamaki kowa Baba Direba yake ce masa. Mutum ne mai ƙafa. Ko bayan da jiragen suka daina zuwa, ba ya iya wuni a gida. In ba ya wurin suna, to yana wurin gaisuwar mutuwa, ko yana kasuwa yana taya wani ciniki ba a gayyace shi ba.

Sai shekarar da bam ya tashi a tashar mota. Ya je ne ya ba da saƙon magani a kai wa yayarsa a Dukku. Ya fito daga ƙofar tashar ke nan, bai yi taku hamsin ba, abin ya tashi a bayansa. Ko ƙwarzane bai samu ba. Ya dawo gida da ƙafarsa, ya yi alwala, ya zauna. Daga ranar nan iyakarsa zaure, sai masallacin da ke jikin katangarsu. In yaro ya buga ƙofa da ƙarfi, hannuwansa su kama rawa, sai ya cusa su cikin aljihun riga don kada matarsa Nana Hadiza ta gani. Ita kuwa tana gani.

'Yarsu Amatullah tana koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata a Kumbiya-Kumbiya, kuma duk Asabar takan zo gida. Wata Asabar da hantsi ta zo da kwamfutarta ta hannu, ta gaishe shi, ta zauna a gefen tabarmarsa ta buɗe.

"Baba, wani wasa na samu. Jirgin ƙasa ake tuƙawa."

"Wasa kuma? Ke da 'ya'ya biyu?"

Ta ci gaba da danne-dannenta. Shi kuma ya kau da kai yana jan carbi. Amma kunne ba shi da marfi. Ya ji gurnanin inji na tashi a hankali, ya ji ƙafafun ƙarfe na ƙirga gaɓoɓin dogo. Ya saci kallo. Cikin kan jirgi ne sosai, ga gilashi, ga agogon gudu, ga dogo ya miƙe. Can gaba tasha na tahowa da mutane tsaitsaye a kan dakali, Amatullah kuwa ba ta da niyyar rage gudu. Sai da ta iso tsakiyar tashar ta danna birki. Jirgin ya wuce fuu, ya bar fasinjoji suna kallo.

"Ke!" Bai san sa'ad da ya ajiye carbin ba. "Wa ya ce miki ana kama birki a bakin tasha? Keke ne? Tun daga waccan lanƙwasar ya kamata ki sauke totur. Matsa nan."

Ta matsa, tana danne murmushi. Ta nuna masa madannai huɗu: wannan na ƙara totur, wannan na ragewa, wannan birki, wannan hon. Yatsunsa sun yi wa madannan kauri, sau biyu yana danna biyu a haɗe. A karo na uku ya tayar da jirgin sumul, ko girgiza babu. Suka ratsa bayan gidaje, suka shiga wani rami a cikin dutse, allon ya yi duhu. Da suka fito, sai ga ruwa a hannun hagu, shuɗi, ba gaɓa a ɗaya gefen. Dogon na bin bakinsa a kan wata katangar duwatsu, igiyar ruwa na dukan katangar tana watso fari.

"Wane kogi ne wannan?"

"Teku ne, Baba."

Duk tsawon aikinsa, a Kafanchan yake miƙa jirgi ga direbobin kudu ya juyo. Labarin teku kawai yake ji. Ya shagala da kallo har ya wuce jar sigina, wasan ya tsaya cak, wani rubutun Turanci ya fito.

"Me ya ce?"

"Ya ce an kore ka daga aiki."

Ya yi dariya har da tari. Nana Hadiza ta leƙo daga tsakar gida da ludayi a hannu, ta dube shi, ta dubi 'yarta, ta koma ciki.

Amatullah ta bar masa kwamfutar. Sai dai idonsa ba ya karanta ƙananan lambobin nan, kuma siginar ba ya rabe launinta sai ta matso. Kwana biyu yana fama, a rana ta uku ya ɗauki waya ya kira Vitalis.

Vitalis mutumin Inugu ne. Yana saurayi aka turo shi Gombe, ya yi shekara goma sha ɗaya yana mataimakin Joda a kan jirgi kafin a ba shi nasa. Da aikin jirgi ya mutu bai koma gida ba, ya buɗe shagon kayan injin niƙa, ya gina ɗan gida a Tumfure tun unguwar tana gonaki. Mutanen gari Bita suke ce masa. Sau biyu ya zo duba Joda bayan abin da ya faru, sau biyun kuma hirar ba ta wuce gaisuwa ba.

"Bita, kana da aiki gobe?"

"Direba, lafiya?"

"Lafiya lau. Ina neman mataimaki."

Washegari Vitalis ya iso wajen ƙarfe goma yana mita. Shingen sojoji uku ya wuce daga Tumfure, kowanne sai an sauka daga keke napep an taka da ƙafa. Da ya ga abin da aka kira shi dominsa, ya riƙe haɓa.

"Don wannan ka sa na ɗaga hannu sama sau uku kamar ɓarawo?"

"Zauna ka karanta min gudu. Surutunka bai ragu ba."

Ya zauna a dama, inda mataimaki ke zama, ya gyara tabarau. Ba a yi minti biyar ba muryarsa ta koma irin ta da. "Kore a gaba. Arba'in da biyar. Ruwan ɗorawa, Direba, sauke." Joda na amsawa da "Na gani," ko da bai gani ba, don haka suka saba.

Vitalis ya san teku, ya sha kai jirgi Fatakwal. Ya ce na gaske ya fi wannan wari, kuma ba shuɗi ba ne, ruwan toka ne. Joda ya ce shi dai wannan ya ishe shi. Suka yi gardama a kan jirgin fasinja da na kaya. Vitalis na son na fasinja, a tsaya daidai alama, a buɗe ƙofa, a tashi a kan minti. Joda ya ce wannan aikin agogo ne. Jirgin kaya shi ne tuƙi, tarago talatin a bayanka suna turo ka a gangare, kana jin nauyinsu a ƙugunka.

"A ƙugunka? A kan tabarma?"

"Ni ina ji."

Haka suka ɗauka, Talata da Alhamis. In an ɗauke wuta su yi tuƙi har batir ya mutu, sannan su ci abin da Nana Hadiza ta aiko, dambu ko fura da nono, su yi ta tsegumin mutanen da rabinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Wata Alhamis suka zaɓi jirgin kaya mai ɗauke da duwatsu, cikin ruwan sama. Ruwa na ta zuba a gilashi, tekun ya yi baƙi. Suna cikin gangaren da ke kaiwa ga ramin dutse, sai wani jirgin fasinja ya faso daga ramin a ɗaya layin, da ƙara kamar an tsaga sama. Hannun Joda ya tashi daga kan madannai. Ya bi hannun da kallo yana rawa, ya rasa aljihun da zai cusa shi. Gudun jirgi na hawa.

Vitalis bai dube shi ba, bai kuma taɓa birkin ba. Idonsa na kan allo.

"Hamsin da biyu, Direba," ya ce a hankali. "Akwai lanƙwasa bayan rami. Hamsin da huɗu. Jirginka ne."

Joda ya ja numfashi. Ya ɗora yatsa ɗaya a kan birki, ya ba shi kaɗan, ya saki, ya ƙara. Taragun suka yi kuka suka lafa. Suka fita ramin da talatin da takwas, suka sha lanƙwasar lafiya. A siginar gaba ya tsayar da jirgin, ya bar injin na gurnani.

"Ranar bam ɗin nan, akwai wata mata mai kunun aya a ƙofar tashar motar," ya ce, bai ɗago kai ba. "Na saya a wurinta. Ta ce in dawo mata da gorar in na shanye. Na ce to. Ina tafe ina sha. Ko sunanta ban sani ba, Bita."

Vitalis ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Allah ya ji ƙanta," ya ce.

"Amin."

Suka zauna haka, ruwan wasan na zuba a kan gilashi, har ladan ya kira azahar. Joda ya tashi ya shiga masallaci, Vitalis ya jira shi a zaure kamar yadda ya saba jiransa a tashoshin daji.

Bayan sati uku Vitalis ya zo ba tare da mitar shinge ba, Joda ya san da magana. Sai da suka kai jirgin fasinja tasha ta ƙarshe ya faɗa. Ɗansa Jideofor ya matsa su koma Inugu kafin zaɓe. Matar Vitalis ɗin, Cordelia, ba ta barci, ko faranti ya faɗi sai ta zabura. Ya bar shagon a hannun wani, gidan kuma ya rufe.

"Shekara arba'in da ɗaya," ya ce. "Can ɗin ma baƙo zan zama. Hausa nake mafarki da ita."

"Yaushe?"

"Asabar da safe. Kada ka damu da rakiya, Direba. Na san yadda abin yake. A nan za mu yi sallama."

Joda ya ce to. Suka ƙara tuƙi ɗaya, ba wanda ya yi gardama.

Ranar Asabar Amatullah ta iso da wuri, ta tarar da mahaifinta a zaure da babbar riga da hula, takalmi a ƙafa, ga ƙullin kilishi da Nana Hadiza ta ɗaure a gefensa.

"Baba, ina zuwa?"

"Tsayar mana da keke. Bappanki Bita zai tafi."

Ta fita da sauri kafin ya sake shawara. A cikin keken ya riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu. Garin ya canza masa, buhunan yashi a bakin ofisoshi, duro-duro a tsakiyar titi. A ƙofar tashar motocin kudu wasu samari na laluben kowa da na'ura. Nan ƙafarsa ta tsaya. Amatullah ta kama hannun rigarsa, ba ta ja shi ba, ta tsaya tare da shi. Mutane na ratsa su ta ko'ina. Can ya ɗaga hannuwa sama, aka laluba shi, ya shiga.

Cordelia ce ta fara hango shi, ta dafa ƙirji ta ce, "Baba Direba!" Vitalis ya juyo daga wurin da ake ɗaure kaya. Ya tsaya yana kallonsa, sannan ya taho ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Na ce maka kada ka zo."

"Yaushe mataimaki ya fara ba direba oda?"

Suka yi dariya, idanunsu duka sun kawo ruwa. Joda ya miƙa wa Cordelia kilishin, ya ce ta gaida yara. Ya leƙa ya dubi direban motar, wani matashi mai cin cingam, ya ce wa Vitalis ya zauna kusa da shi ya riƙa karanta masa gudu. Bai bar wurin ba sai da motar ta fita ƙofa ta hau titi.

Da la'asar yana zaure, kwamfutar a rufe a gabansa. Nana Hadiza ta kawo masa shayi, maimakon ta koma sai ta gyara zani ta zauna a gefensa.

"Malam, buɗe mana. Lamba dai ban iya ta Turanci da sauri ba, amma na san ja na san kore."

Ya dube ta. "Na kaya ko na fasinja?"

"Ni kaya ce? Na fasinja. Kuma ka tafi a hankali in ga ruwan nan da kyau."

Ya buɗe, ya danna hon sau biyu, ya saki birki.