Rabin Motar Suwaibatu

Matata Suwaibatu gajeriya ce. Shekarar da aka mayar da ita aikin ungozoma a Ajingi ta sayi wata tsohuwar Korola mai ƙofa huɗu, sai aka tarar ƙafarta ba ta kai totur, idonta kuma da ƙyar yake tsallake sitiyari. Ni malamin makaranta ne, ban taɓa riƙe sifana ba. Duk da haka na auna ƙaurinta da zaren ɗinki tana dariya, na sayo ƙarfe a Gaya, na haɗa wani ɗan akwati na ɗaure da noti a ƙarƙashin kujerar direba. Ya ɗaga kujerar yatsu shida, ya matso da ita gaba. Na sassaƙa katako uku na ɗora a kan kuloci da birki da totur. Sau huɗu ina warware aikin kafin ta zauna, ta kama sitiyari, ta ce, "Yanzu ta zama tawa."

Daga nan abin ya zame mini ciwo. Duk Asabar ina ƙarƙashin motar nan. Na sauya fitilu, na ɗinka wa kujeru riga da jar fata, na yi mata koren fenti da hannuna. Maƙwabta suka ce Malam Uthman ya gaji da littattafai, ya koma karanta ƙarfe.

Bara Allah ya yi mata rasuwa. Ba mu haihu ba. Malam Saifuddeen, limamin unguwarmu, ya raba gado: rabi nawa, rabi na yayanta Gwadabe, dillalin gyaɗa a Toranke. Wata bakwai ta yi a kwance, sau biyu ya zo duba ta, duka biyun ranar kasuwa. Komai ya rabu sai mota. Liman ya ce a sayar, na ƙi. Na nemi Gwadabe ya bar mini rabinsa, ya ƙi, don dai ya ga ina so. Aka tsaya a kan mako nawa, mako nasa.

Makonsa na farko ya sa aka cusa robar taya a sifirin ɗin baya, mota ta ɗaga gindi kamar kaza mai shirin dambe. Makona ya zo, na cire. Ya ɗora kariyar ɗaukar kaya a saman motar don buhunan gyaɗa, na sauke. Ya sa aka rubuta "Mahassada Ku Huta" a gilashin baya, na kankare da reza, ina mamakin abin da ya mallaka da har za a yi masa hassada. Duk wannan ban ɗauke shi komai ba, aiki ne ya samar wa hannuna. Abu ɗaya na gindaya masa a gaban liman: kada ya taɓa kujerar direba.

Gwadabe dogo ne, ni ma dogo ne. Ina tuƙi gwiwata na gogar sitiyari, hulata na taɓa rufi, kuma haka nake so.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Gwadabe ya zo karɓar makulli, ya tsaya a bakin zaure, ya ƙi shigowa.

"Malam, bayana ya ƙage. Mutum na tuƙi a tsugune kamar mai alwala."

"Sai ka hau ta haya, Yaya Gwadabe. Can ma a tsugune ake zama, amma ba wanda zai zarge ka."

"Ƙanwata ce fa. Ciki ɗaya."

"Na sani. Ta sha gaya wa masu jinya, don kada su ɗauka ba ta da kowa."

Ya dube ni, ya karɓi makulli. "Kai ka ɗora mace a kan sitiyari tana yawon ƙauyuka. Shekara ashirin, ko ɗa guda babu, sai mota."

Akwai maganar da amsarta sai a gaban Allah.

Ranar Litinin da hantsi Datti mai walda ya kira ni daga Gaya. Tsohon abokin hulɗata ne, wajensa nake sayen ƙarfe. Ya ce, "Malam, korar motarka tana gabana. An ce in cire kujera in sa benci mai cin mutum uku. Na ce bari in ji daga bakinka, amma mutumin ya matsa, na riga na fara."

Na hau motar haya. Ba a taɓa yin direba mai tsayawa gaishe da dangi a hanya kamar na ranar ba.

Na isa na tarar da ƙofofin motar a wangale, kujerar tana ƙasa a cikin baƙin mai, tartsatsin wuta ya huda jar fatar wuri uku. Gwadabe yana zaune a inuwa yana shan rake.

"Mun yi da kai a gaban liman," na ce.

"Liman ne ke tuƙa ta?"

"Mayar da ita, Datti."

"Makona ne," in ji Gwadabe. "Datti, ci gaba da aikinka. In makonsa ya zo ya cire bencin, in yana da haƙoran cizon walda."

Gaskiyarsa. Noti nake iya kwancewa. Abin da wuta ta haɗa ya fi ƙarfin sifanata, kuma ya san haka, shi ya sa ya zo nan. Masu gyaran babur na kusa sun ajiye aiki sun matso. Na karanta littattafai da yawa a kan haƙuri, babu wanda ya zo mini a lokacin.

"Ba ni kujerar," na ce.

"Ita ma rabinta nawa ne." Ya tofar da ɓawon rake. "Ina da mai so. Wani mai shayi zai ajiye a rumfarsa."

"Ba ni ita duka, ka riƙe motar duka."

Datti ya ajiye abin waldarsa. "Haba Malam. Ka yi tunani. Mota guda?"

Gwadabe ya miƙe tsaye, abin da bai yi ba ko ranar jana'iza sai da aka ɗaga shi. "Ku shaida, jama'a. Da bakinsa ya faɗa."

"Su shaida. Allah ya sa ta kai ka duk inda ka cancanta."

"Amin," in ji shi, don bai taɓa gane magana ba sai wadda aka auna masa da mudu.

Na ɗauki kujerar a ka, ni mai furfura, na ratsa tasha mutane na kallo. Kwandasta ya ɗaure ta a bayan bas tare da buhun masara da wata akuya. Har muka isa Ajingi ina waiwaye kada akuyar ta ci fatar.

A gida na goge man da tsumma, na ajiye ta a ɗakin Suwaibatu, na zauna a kai. Na miƙe ƙafafuna, suka miƙe sarai, babu abin da ya tare su. Kaina bai taɓa komai ba. Kujera ce kawai, irin wadda kamfani ke ƙerawa dubu-dubu, ta yi wa kowane ƙato daidai. Tsawon Suwaibatu ba a jikinta yake ba. Yana jikin akwatin ƙarfen da na bari a motar, da katakan nan uku.

Na kira Datti.

"Akwatin da ke ƙarƙashin kujera fa?"

"Ai shi na yayyanka na yi wa bencin ƙafafu, Malam. Ƙarfe ne mai kyau. Wa ya haɗa maka shi?"

"Katakan?"

"Mai ƙosan bakin gareji ta kwashe, ta ce itacenta ya ƙare."

Na ce masa na gode, ya gaida iyali. Ranar kasuwa motar ta wuce ta ƙofar gidana, gindi a sama, buhuna a ka, mutum uku a gaba. Gwadabe ya danna mini hon sau biyu.