Ranar da Jijiya ta Guje wa Sau-Ɗaya

Sau-Ɗaya ya soki tsohuwar shugabarsa da allura ya rasa jijiya. Ya sake suka ya fasa ta. A gaban ɗalibansa aka yi, da rana tsaka, babu duhu ballantana a ɗora wa fitila laifi.

Sunan ba na yanka ba ne. A ɗakin gaggawa na babban asibiti ya same shi, lokacin yana sabon nas, gashin kansa baƙi ƙirin, bayansa lafiya lau. Duk wanda aka kawo jijiyarsa ta ɓuya, ko jariri ne ko tsoho da ya bushe kamar kara, shi ake kira ya saka allurar ƙarin ruwa. Suka ɗaya, jini ya leƙo a gindin allura, an gama. Babbar Sista ce ta laƙaba masa, kuma ita ce ta koya masa aikin. Mace ce gajera mai faɗin murya, wadda ko likita in ya ji takun takalminta sai ya gyara tsayuwa.

"Rufe idon nan, ɗan nan," haka take ce masa a farko. "Ido maƙaryaci ne. Yatsa ke ganin jijiya. In ka same ta kuma kada ka yi murna tukuna. Jijiyar tsoho tarwaɗa ce, ka danne wutsiyarta da babban yatsa ka ja fatar, in ba haka ba allura na zuwa za ta kauce ta bar ka da nama."

Ya ji, ya riƙe. Har ya zama ko hira yake da ɗan'uwan mara lafiya, babban yatsansa na can yana aikinsa shi kaɗai.

Ɗakin nan ba wurin jin daɗi ba ne, amma har yau in ya rufe ido shi yake gani. Keken magani mai ƙafa ɗaya da ke kuka tun daga ƙofa. Labulen da ke tsakanin gadaje, wanda zobensa ya ɓalle aka ɗaure da bandeji. Warin sifirit da na sabulun goge ƙasa. Butar shayi a ƙaramin ɗakin hutu, wadda ba ta taɓa tafasa an sha da zafinta ba, don kafin ka zuba an kira ka. Miƙa aiki da safe, na dare idanunsu jawur, Sista tsaye tana bin gado-gado tana tambaya, wanda ya yi inda-inda ta ce, "Mara lafiyar taka ce ko ta maƙwabta?" A yi dariya ƙasa-ƙasa. Aiki ya fi ƙarfinsu kullum, gadaje cike, hannu kaɗan. Amma da yamma in ya cire farar riga, ya san inda ƙarfinsa ya tafi.

Bayansa ne ya fara gajiya. Ɗaga babban mutum daga keke zuwa gado shekara da shekaru ba wasa ba ne, kuma ba kullum ake samun mai kama maka ƙafa ba. Ya zama in ya sunkuya sai ya dafa gado kafin ya miƙe. Sai kuma wata rana wani ya ci masa kwala saboda an jinkirta duba mahaifinsa, alhali shi kaɗai ne a kan mutum goma sha wani abu. Ya koma gida da maɓallin riga a tsinke. Matarsa ta dubi rigar, ta dube shi, ta ce, "Baban yara, gawarka kake so su kawo mini?" A wannan shekarar makarantar koyon jinya da ke bayan asibitin ta buɗe ƙofa ga masu son ƙaro karatu su zama malamai. Ya tafi.

Sista ba ta hana shi ba, ba ta kuma sa albarka da zuciya ɗaya ba.

"Je ka. Bayanka naka ne. Amma alli na cin hannu, na faɗa maka."

"Haba Sista, abin da ya shiga jini?"

"Jinin wa? Ka riƙa leƙowa dai kana taɓa mutum."

Ya ce zai riƙa leƙowa. Da farko yana zuwa. Daga baya jarrabawa, taron malamai, duba aikin ɗalibai, yau da gobe ba ta bar komai ba. In ya kawo ɗalibai asibiti, tsayawa yake a baya hannu a aljihu yana gyara musu. Sista ta yi ritaya. Aka sauya keken magani da sabo marar kuka.

Koyarwa ta karɓe shi, wannan gaskiya ce. Ba ya karanto littafi kamar mai wa'azi, labarin gado yake ba su, su yi tsit. A ɗakin gwaji akwai wani hannun roba da aka ɗaure a kan tebur, da jan ruwa a cikin bututunsa. Ɗalibai suna kiransa Kawu. Jijiyar Kawu kamar igiyar shanya take, a miƙe, a cike, ko daga ƙofa kana hangenta. Ba ta gudu, ba ta fashewa, Kawu ba ya cewa wayyo. Kowace shekara sabbin ɗalibai su kewaye tebur, Malam ya ɗauki allura ya ce, "Ku kalli nan," ya zura, jan ruwa ya leƙo, a tafa masa. Bakinsa bai taɓa daina faɗin maganar babban yatsa ba. Yatsan dai ne ya ga babu abin dannewa a jikin roba, ya kwanta ya yi barci, mai shi bai sani ba.

A cikin waɗanda suka wuce ta hannunsa akwai wata da ya sa wa suna Kyarma, don ranar farko da ta riƙe allura hannunta rawa yake har ta soki tebur. Aji ya kwashe da dariya. Ya ce, "Ku bar ta. Mai tsoron allura ya fi mai raina ta." Ta gama, aka ɗauke ta a ɗakin gaggawa, ta yi aure ta haihu, har ta zama ita ke riƙe da ɗakin. Sunan bai bar ta ba.

To, ranar da abin ya faru, ya shigo da ɗalibai 'yan shekarar ƙarshe, suna biye da shi kamar 'yan tsaki. Sai ya ji murya daga bayan labule.

"Ku cire mini hannu. Na ce ba wanda zai taɓa ni."

Ya san muryar ko a cikin kasuwa. Ya ɗaga labule. Babbar Sista ce a kwance, ta ƙanƙance, leɓe a bushe, ido ya faɗa. 'Yarta na tsaye da jaka a hannu, ta ce tun shekaranjiya take amai da gudawa, ga ciwon suga, ta ƙi yarda a kawo ta sai da ta kasa tashi. Kyarma na gefe da tiren kayan aiki.

"Malam, sannu da zuwa," in ji Kyarma. "Ruwa za a sa mata, ta ƙi. Jijiya ɗaya ce mai kyau ta rage, nan a ƙasan gwiwar hannu. Sauran duk sun kwanta."

Tsohuwar ta juyo da kai. Fuskarta ta buɗe.

"Kai! Allah ya kawo ka. Ku ba shi wuri. Ku yara, kun san wane ne wannan? Ku Malam kuka sani. Ni na san Sau-Ɗaya."

Ɗalibai suka dubi juna suna murmushi. Sun sha jin sunan a bakin tsofaffin ma'aikata, ba su taɓa gani ba.

"Sista, kin tsufa ba ki daina faɗa ba."

"Kai ma ga furfura ga tumbi. Zo ka yi abin da ya kawo ka."

Kyarma ta matso kusa ta rage murya. "Malam, fatar ta saki sosai, jijiyar na yawo. Ko in riƙe maka?"

Da ya ce to, da shi ke nan. Amma idon ɗalibai na kansa, ga tsohuwa ta gama yi masa kirari. Ya ce, "Ni za ki riƙe wa? Miƙo safar hannu."

Ya ɗaure damtsen da roba, ya goge da auduga. Jijiyar ta taso, siririya, shuɗiya, ga ta nan ƙuru-ƙuru. Ya gan ta da ido, ya yarda da idon. Ya ce, "Ku kalli nan," kamar yadda ya saba faɗi a kan Kawu, ya zura. Jijiyar ta kauce gefe sumul. Babu jini. Tsohuwar ta ja iska ta haƙora.

Ya ja allurar baya kaɗan ya bi ta, da sauri, da haushi. Wannan karon ya same ta, ya kuma wuce ta ya fita ta ɗaya gefen. Nan take wurin ya kumbura ya yi baƙi, kamar an cusa ɗan dutse a ƙarƙashin fata. Sai a lokacin ya dubi hannunsa na hagu. Babban yatsan na can a kwance a gefe, a kan zanin gado, bai taɓa fatar ba ma.

'Yar tsohuwar ta ce, "Wayyo Mama."

Ya zare allurar, ya danne da auduga. Kyarma ta ɗauko sabuwar allura. Ta zagaya ɗaya gefen gadon, ta jawo kujera ta zauna, ta ɗora hannun tsohuwar a cinyarta. Ta sa aka kawo tsumma mai ɗumi ta naɗe shi, ta jira. Sai ta rufe ido ta fara bin bayan hannun da yatsa, a hankali, kamar mai neman allura a cikin tabarma. Ta daɗe. Can ta tsaya a wani wuri kusa da wuyan hannu inda shi bai ga komai ba. Babban yatsanta ya sauka, ya danne, ya ja fatar. Ta zura. Jini ya leƙo. Ta manna filasta, ta buɗe ruwa, ya fara ɗiga.

Tsohuwar ta sauke numfashi. Ta ce, "Sau-Ɗaya."

Ya ɗago kai. "Na'am, Sista."

"Ba da kai nake ba."

Idonta na kan Kyarma. Kyarma ta sunkuyar da kai ta ce, "A'a Sista, sa'a ce kawai. Malam ne ya koya mini."

"Na sani. Yatsana na gani a hannunki, ta wurinsa ya biyo." Ta juyo gare shi, har yanzu yana danne da audugar. "Danna sosai, kai. Ko wannan ma ka manta?"

Ya ƙara dannawa. Ya ce, "Ki yafe ni, Sista."

"Kumburi ne, zai sace. Na yi wa wasu wanda ya fi wannan kafin a haifi yaran nan." Ta dubi ruwan da ke ɗiga. "Kana tuna keken nan mai kuka?"

"Ina tunawa."

"Da butar nan?"

"Ba mu taɓa shan mai zafi ba."

Ta yi 'yar dariya, tari ya katse ta. "Ka koyar da kyau, ɗan nan. Amma ba a riƙe alli da allura a hannu ɗaya. Kwashe yaranka ku ba ni iska."

Ya cire safar hannu ya jefa a kwandon shara. A baranda ɗaliban suka tsaya cirko-cirko, kowa na kallon takalminsa. Ya ce, "Kun ga abin da na yi?" Suka ƙara sunkuyar da kai. "Tambayarku nake." Wani dogo daga baya ya ce a hankali, "Ba ka danne ba, Malam." Ya ce, "Ban danne ba. Gobe in mun koma kan Kawu, duk wanda na ga babban yatsansa a kwance, waje zai yi. Har ni."

Sista ta warke, aka sallame ta da baƙin tabo a hannu. Maganarta kuwa ta riga ta zaga asibiti, daga masu shara har ɗakin magani. Bai ƙara karɓar allura a kan mutum mai rai ba. Ba wanda ya hana shi, ba kuma wanda ya sake miƙa masa.

Bayan wasu makonni ya sake kawo ɗalibai. Yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin gaggawa aka shigo da wani dattijo a kan keke, a galabaice. Wani nas ya duba hannuwansa biyu, ya ɗaga murya ya ce, "Ku kira Sau-Ɗaya!"

Ƙafarsa ta motsa da kanta, taku ɗaya. Kyarma ta fito daga bayan labule tana saka safar hannu, ta ce, "Malam, ɗan matsa." Ya matsa ta wuce.